Yayanmu ya fito da takardar wasiyya, wai lokacin kai ƙara ya wuce?

"Salam Barista, dan Allah a ɓoye sunana. Mahaifinmu ya rasu a Kaduna shekara ɗaya da wata biyu kenan, ya bar mu mu 9 da mata biyu. Ranar sadakar arba'in yayanmu na ɗakin uwargida ya fito da wata takarda an buga ta da turanci wai wasiyyar Baba ce, ya bar masa gidan haya na Tudun Wada da shago. A ƙasan takardar dangwale ne, alhali Baba ɗan boko ne sa hannu yake yi, kuma kwanan watan da ke jiki lokacin yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye ko magana ba ya iya yi sosai. An ba mu wata takarda wai ta shaidar mun halarci zaman, na sa hannu ban karanta ba. Yanzu dillalai sun fara zuwa ganin gidan, da na yi magana baffanmu ya ce tunda wata shida ya wuce babu kotun da za ta saurare ni. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Maganar baffa ba haka take ba, babu wata doka a Kaduna da ta ce in wata shida ya wuce magaji ba zai iya ƙalubalantar wasiyya ba. Wata shidan da ake yawo da shi a dokar wasiyya ta jihar Legas yake, kuma ko a can ɗin ba na soke wasiyya ba ne, na mata ko miji ko ɗan da aka bari ba a tanadar masa abin rayuwa ba ne, ya nemi kotu ta yankar masa wani abu cikin wata shida daga ranar da aka tabbatar da wasiyyar. Bai shafe ki ba ko kaɗan. Amma kar wannan ya sa ki gyara kwanciya, dillalan nan da kika ce sun fara zarya su ne suka fi damuna, zan zo kansu.

Farko dai wace doka ce ke mulkin dukiyar Baba, domin nan ne mutane ke ruɗewa da zarar sun ga takarda da turanci da hatimin lauya sai su ɗauka shikenan magana ta ƙare. A 1971 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa cewa musulmi zai iya yin wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama ko da ya saɓa wa mazhabar Malikiyya, wannan hukunci ya tada ƙura sosai, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi tasu dokar wasiyya suka rubuta ƙarara cewa ba ta hau kan wasiyyar mutumin da yake ƙarƙashin shari'ar musulunci har zuwa rasuwarsa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta bi wannan a shari'ar Ajibaiye a 2007 kan dokar Kwara. Toh kin ga Baba musulmi ne, a Kaduna ya rasu, saboda haka da ma'aunin musulunci za a auna takardar, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa wasiyya da gado da kyauta da waƙafi na musulmi cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu.

A ma'aunin musulunci kuwa, ko da a ce takardar nan ta gaskiya ce Baba da hankalinsa garau ya yi ta, tana da matsala babba, domin babu wasiyya ga magaji, yaya kuwa magaji ne, sannan wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, sai in sauran magada sun yarda sun bar masa. In kuma suka juya suka ce ai ba wasiyya ba ce kyauta ce Baba ya yi masa, sai a tambaya yaushe, kuma ya karɓi gidan a hannunsa tun Baba na da lafiya? Waye yake karɓar kuɗin haya kafin rasuwar, da sunan wa ake rubuta rasit? Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Sannan a Malikiyya takarda kaɗai ba ta isa, ko an tabbatar rubutun mamaci ne, sai ya kafa shaidu a kanta ko ya ce a zartar da ita. Saboda haka alƙali zai ce a kawo shaidun, su faɗi a wane ɗaki aka yi dangwalen, wa ya riƙe masa hannu, an karanta masa ya gane ko kuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne takardar da kika sa wa hannu. Wallahi na sha ganin irin wannan, a tara mutane ana cikin jimamin mutuwa, mata na zaune a tabarma ido duk ya kumbura, a miƙo biro a ce sa hannu nan shaidar zama ce kawai, ashe a saman shafin an rubuta mun amince da wasiyyar. Ki nemi kwafinta a makon nan, ko hoto ne a waya. In ta halartar zama ce da gaske toh ba komai, in kuma ta amincewa ce za ki gaya wa alƙali yadda aka yi da wanda ya ce muku ta zama ce, da waɗanda suka ji, domin yardar magaji bayan rasuwa kamar kyauta ce daga rabonsa, kuma mutum ba ya kyautar da abin da bai san ya bayar ba. Yardar wani kuma ba ta hawa kan wani, in wasu cikinku sun yafe rabonsu kaɗai suka yafe, in akwai ƙananan yara a cikin ku tara ɗin babu mai ikon yafe nasu.

Maganar lokaci ta gaskiya a shari'ar musulunci ita ce hauzi. Wanda yake gari, yana gani wani ya riƙe gida yana gini yana rushewa yana cewa nasa ne, ya yi shiru shekara 10 ba tare da wani uzuri ba, ba a sauraron da'awarsa. Amma wannan tsakanin bare da bare ne, tsakanin 'yan'uwa na jini kotunanmu sun tafi a kan shekara 40, saboda an san kunya da kara suna hana ɗan'uwa magana. Wata 14 ɗinki ko kusa bai kai ba.

Sayarwa ita ce ke canza lissafi. Malaman Malikiyya sun tsananta a nan, wanda aka sayar da kayansa yana wajen ya yi shiru har aka tashi cinikin ya hau kansa, sai dai ya bi kuɗi, wanda kuma ba ya nan daga baya ya ji labari shekara ɗaya yake da ita ya tashi ya warware cinikin. Ko ba ma wannan ba, in gidan ya shiga hannun mai saye ya rushe ya ɗora bene, shari'ar da za ta ƙare tsakaninki da yayanki ta koma ta mutum uku ko huɗu, ta ci shekaru, kuɗin kuma an riga an kashe.

Saboda haka ga yadda zan yi in kece a ofishina. A shigar da ƙarar neman rabon gado a Babbar Kotun Shari'a, ba sai kin jira sauran sun yarda ba ke kaɗai ma kin isa, a lissafa gidan da shagon cikin abin da za a raba, a roƙi alƙali tun zaman farko ya hana sayarwa ko taɓa gidan, kuɗin haya kuma a riƙa ajiye shi a inda kotu ta ce. Lauya ya rubuta wa KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, cewa akwai shari'a a kan gidan, dillalan ma a aika musu kwafin sammaci, ba mai son sa miliyoyinsa a gidan da ke kotu. A kuma leƙa rajistarar tabbatar da wasiyya ta Babbar Kotun Jiha a ga ko yaya ya kai takardar can, in ya kai ba a ba shi tabbaci ba tukuna sai a shigar da takardar dakatarwa da lauyoyi ke kira kabiyat, ita ta 'yan watanni ce ana sabunta ta, kuma in aka aiko miki da takardar gargaɗi a kanta kwanakin amsawa ba su da yawa, kar ta kwana a jaka. In ma an riga an ba shi tabbacin ana iya neman kotu ta janye shi.

Inda wa'adi yake da kaifi da gaske shi ne bayan hukunci. Ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kwana 30 ne, daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya wata uku in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 in na tsakiyar shari'a ne. Ana iya roƙon ƙarin lokaci amma sai da dalili mai ƙarfi. Shi ya sa nake so ki bincika ko an taɓa kai maganar gadon nan wata kotu ba da saninku ba.

Kafin ki zo wajen lauya ki haɗa katin asibitin Baba da takardun gwaji da na sallama, da duk wata takarda mai sa hannunsa na da, ta banki ko ta fansho ko ta haya, da sunayen waɗanda suka yi jinyarsa a makon da aka ce ya yi dangwalen. Ki yi magana da Mama ma, tana da rabonta a tumunin da za su raba da abokiyar zamanta, tana iya shiga ƙarar tare da ke. In kuma dangi sun nemi sulhu ki je, sulhu alheri ne, amma a fara shigar da ƙarar, duk abin da aka cimma a kai gaban alƙali ya rubuta shi a matsayin hukunci, kuma kar ki sake sa hannu a kowace takarda sai lauyanki ya karanta ta.