Wa ke da ikon ɗauke fasto daga ikkilisiya?

Tambaya: Malam, salama. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikkilisiya a Sabon Gari. Fastonmu ya shekara huɗu tare da mu, sai ga takarda daga gunduma an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya nemi jin ra'ayinmu. Maƙwabciyata 'yar Baptis ta ce su da kansu suke kiran fasto, su ne kuma suke sallamarsa. Wasu cikinmu sun ce mu daina ba da zakka da baiko har a dawo mana da shi. Wane tsari ne na Littafi Mai Tsarki, kuma muna da ta cewa?

Amsa: 'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ki. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa, gunduma kuma ba ta wuce gona da iri ba. Kowa tsarin gidansu yake bi.

Tun bayan da Martin Luther ya ta da batun gyaran ikkilisiya a Jamus a 1517, Furotesta sun haɗu a kan cewa Almasihu ne kaɗai shugaban ikkilisiya, Littafi Mai Tsarki ne ma'auni, kowane mai bi kuma yana da hanya zuwa ga Allah ba sai ta hannun wani firist ba, kamar yadda 1 Bitrus 2:9 ta nuna. Inda suka rabu shi ne a kan wanda zai riƙe ragamar yau da kullum. Angilikan sun bar ta a hannun bishop, shi ke naɗa limamai ya kuma tura su inda ya ga ya dace, ko da yake akwai majalisar ikkilisiya da babban taron wakilai da ake kira sinod da ke sa ido a kan kuɗi da dokoki. Baptis sun ce taron membobin da aka yi wa baftisma shi ne maganar ƙarshe, babban taronsu na ƙasa sai dai ya ba da shawara. Almajiran John Calvin na Janiba kuwa suka damƙa ta ga dattawan da jama'a suka zaɓa, tare da majalisu hawa-hawa a samansu.

Duka ukun kina iya samunsu a unguwa ɗaya a Kano, kuma tarihi ne ya jawo haka. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilikan, bayan 'yan kwanaki da isowarsu, daga baya Turawan mulki ma suka taƙaita aikin mishan a masarautu. Saboda haka yawancin majami'un farko a Sabon Gari baƙi ne suka kafa su, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa, kowa ya taho da tsarin da ya saba da shi.

Tun da kin ambaci gunduma, ikkilisiyarku ta fi kusa da tsari na uku. Ɗauki ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954. A ƙasa akwai fasto da dattawan kowace majami'a, wato LCB. Majami'u da yawa su haɗu su zama majalisar yanki, wato LCC, daga nan sai majalisar gunduma, wato DCC, can sama kuma babbar majalisa, wato GCC, mai hedikwata a Jos. A irin wannan tsari fasto ma'aikacin ɗarika ne da aka ba ku riƙo, kuma wanda ya aiko shi yana da ikon ɗauke shi. Hikimar abin ita ce kada ikkilisiyar birni mai kuɗi ta riƙe ƙwararrun fastoci har abada ta bar ƙananan majami'un ƙauye hannu rabbana, kada kuma mutum ya daɗe a wuri har majami'a ta koma kamar gadon gidansu. Aibinsa ma a fili yake, domin akan cire mutum yana tsakiyar aiki, wani lokaci kuma siyasa kan shiga. Tsarin Baptis shi ma bai tsira ba: faston da albashinsa ke hannun masu jefa ƙuri'a yakan ji nauyin tsawata wa mai kuɗin cikinsu. Kowane allazi da nasa amanu.

Game da wanne ne na Littafi, kowane ɓangare yana da ayar da yake riƙe da ita. A Ayyukan Manzanni sura 6 jama'a ne suka zaɓi mutum bakwai da za su kula da rabon abinci. A sura 14 aya 23 Bulus da Barnaba ne suka naɗa dattawa, haka kuma Bulus ya umarci Titus ya yi a tsibirin Karita. A sura 15 rikicin ikkilisiyar Antakiya sai da aka kai shi majalisa a Urushalima. A nawa karatun, abin da Sabon Alkawari ya fi nanatawa shi ne shugabanci na mutane da yawa masu halin kirki, irin waɗanda 1 Timoti sura 3 ta siffanta, kuma kowannensu akwai wanda zai iya ce masa tsaya. Ikkilisiyar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda mutum ɗaya ne ya kafa ta, shi ne mai wa'azi, shi ne ma'aji, takardar filin ma da sunansa take.

Kuna da ta cewa, amma ta ƙofar da tsarinku ya buɗe. Ku nemi kundin tsarin mulkin ɗarikarku ku karanta sashen canjin ma'aikata, abin mamaki ne yawan membobin da ba su taɓa ganinsa ba. Sannan shugabannin Zumuntar Mata su zauna da dattawa, tun da ku kuka zaɓe su, a rubuta takarda da dalilai a aika sama ta hannunsu. A faɗi aikin da ya tsaya rabi, a nemi a jinkirta canjin zuwa wani lokaci sananne. Roƙon jinkiri ya fi samun karɓuwa a kan neman a soke hukunci baki ɗaya. Kafin haka kuma ku tambayi faston kansa. Akan samu wanda shi ne ya nemi canjin saboda lafiya ko karatun 'ya'yansa, kunya ta hana shi faɗa wa jama'a.

Maganar riƙe zakka da baiko kuwa, ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Abin da aka keɓe wa Allah ba makamin ciniki ba ne. Kuma ki duba wanda zai ji a jikinsa: mai gadi, da gwauraye da marayun da ake tallafa wa, da masu bishara a ƙauyuka da ke jiran kason da ikkilisiyoyin birni ke aikawa, da sabon faston da bai yi wa kowa laifi ba. Waɗanda suka sa hannu a takardar canjin su ne na ƙarshe da abin zai taɓa.

Idan canjin ya tabbata, ku sa dattawa su tsaya a yi miƙa aiki a rubuce: littafin kuɗi, rajistar baftisma da ta aure, takardun fili, da jerin basussuka, a gaban ma'aji da sakatare da wakilin gunduma. Akan samu rigingimun da ke tashi bayan tafiyar fasto da ke farawa daga rashin wannan takarda.