Shin da miƙe hannu sama Rumawa suke gaisawa a zamanin da?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a sakandare, muna shirya wasan kwaikwayo kan Yuliyus Kaisar. Na sa yara su miƙe hannun dama sama suna cewa "Ave". Wani ya ce mini wai gaisuwar 'yan Nazi ce, ga shi har mun ɗauki bidiyo za mu sa a Facebook. Hankalina ya tashi. Yaya Rumawa suke gaisawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sakin bidiyon nan.

Gaisuwar baki ba ta da wuya. Mutum ɗaya a ce masa "salve", jama'a "salvete", wajen sallama "vale" ko "valete". "Ave" ma daidai ne. Sai musafaha da hannun dama, na kusa kuma su sumbaci juna, abin da ya yi yawa har Sarki Tibariyus ya hana sumbar yau da kullum. Da sassafe masu neman alfarma sukan cika zauren ubangidansu don gaisuwa, a sallame su da ɗan abinci ko kuɗi.

Shi kuwa miƙe hannun nan, na gaji da gyara shi. Babu rubutun Rumawa ko ɗaya da ya siffanta shi, babu shi a kan tsabar kuɗinsu ko sassaƙensu. Gumakan sarakuna da ake kafa hujja da su na mai jawabi ne: gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, yatsu a sake. Galibi ana danganta asalinsa da wani zanen Bafaranshe Jacques-Louis David na 1784, inda 'yan'uwa uku suka miƙa hannu ga takubba suna rantsuwa. Masu wasan dandali da finafinai suka ɗauka, marubucin Italiya D'Annunzio ya yi amfani da shi a birnin Fiume a 1919, jam'iyyar Mussolini, shugaban kama-karya na Italiya, ta mayar da shi tambarinta, Hitler shugaban 'yan Nazi na Jamus ya kwaikwaya. Sunan "gaisuwar Rumawa" ado ne 'yan mulkin kama-karya suka yi wa kansu, amma har gobe masu tarihin shaci-faɗi a intanet suna maimaita shi ba kunya.

A Jamus yin wannan alama laifi ne da kan kai mutum gidan yari har shekara 3. Yaran nan wasunsu za su nemi karatu a waje, bidiyo kuwa ba ya mutuwa. Ka sake ɗaukar wurin, su yi musafaha su ce "salve".