Tambayi Likita: Asma, atishawa da ƙaiƙayi a jikin yaran birni

Tun da hazo ya sauko, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan tari, atishawa da susar ido. Mun zaɓi huɗu daga cikin birnin Sakkwato, likitocin yara da na ido suka amsa.

Assalamu alaikum Likita. Ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sayo kaya, kuma abokan cinikina na can da yawa suna kukan yaransu na fama da asma ko atishawa. Da gaske cutar ta yi yawa a biranensu? Ba za mu kwaso ta cikin kaya ba? Daga wani ɗan kasuwa, Runjin Sambo.

Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, ba a ɗaukar asma daga mutum ko daga kwali. Ita da murar da ba ta jin magani da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi 'yan ɗaki ɗaya ne, likitoci na kiransu alerji: garkuwar jiki ce ke tada faɗa da abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura ko garin furen ciyawa. Ana gadon saukin kamuwa da ita, amma muhalli ne ke tado ta.

Abokanka kuwa ba su yi ƙarya ba. Ƙasar Sin ta ƙirga yaran biranenta 'yan ƙasa da shekara 15 har sau uku. A 1990 kusan yaro 1 cikin 100 ne likita ya taɓa tabbatar masa da asma. A 2000 aka samu kusan 2 cikin 100. A 2010, bayan an bincika yara sama da 460,000 a birane 43, adadin ya kai kashi 3.02 cikin ɗari. A Shanghai ya kai kashi 7.57, a Lasa ta yankin Tibet bai kai rabin kashi ɗaya ba. Wani bincike na 2005 a manyan birane takwas, kan 'yan makaranta masu shekara 6 zuwa 13, ya samu alerjin hanci a kashi 9.8, na fata a kashi 5.5. A 2014 kuma likitocin fata suka duba yara masu shekara 1 zuwa 7 a birane 12, suka samu kusan kashi 13 da wannan ƙaiƙayin fata. Duk da haka ba su kamo Ingila ba, inda kusan yaro 1 cikin 11 ke da asma.

Jinin al'umma ba ya canzawa cikin shekara ashirin, zama ne ya canza. A 1980 mutum 1 cikin 5 ne ke birni a Sin, a 2011 sun haura rabi. Yaro ya tashi shi kaɗai a gidan bene rufe ruf, ba dabba, ba ƙasa, ba 'yan'uwa, garkuwar jikinsa ba ta samu horon da yaron karkara ke samu tun yana rarrafe ba. Ga hayaƙin motoci, ga taba, domin kusan rabin mazan ƙasar suna sha. A kudu, irin su Gwanzu mai laima, ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da kafet, su ne kan gaba wajen tado ciwon. A arewa garin furen ciyawa ya fi. Wani ɓangare na ƙaruwar kuma likitoci ne suka ƙara ƙwarewa wajen gano cutar.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne hanyar da suka bi muke bi. Ɗakin kwana a sabbin unguwanninmu ya zama kafet bango zuwa bango, labule mai kauri, taga a rufe, turaren wuta na tashi, janareta na ƙugi a bakin ƙofa. Sabuwar katifa ko kujerar da ka shigo da ita, in tana warin gam ko fenti, a bar ta ta sha iska kwanaki kafin yaro ya kwana kusa da ita.

Likita, ɗiyana shekararsa biyar. Duk hunturu sai ƙirjinsa ya riƙa fito da dare. An rubuta masa abin shaƙa, amma kakarsa ta ce in ya fara ba zai daina ba har abada, sai muke ba shi na ruwa daga kemis. Mun yi daidai? Daga wata uwa, Mabera.

Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki lallaɓi Hajiya da girmamawa, amma inhela, wato abin shaƙar, ba ta kama jiki. Maganin da ke cikinta, salbutamol, shi ne dai ke cikin na ruwan. Na shaƙa yana zuwa huhu kai tsaye, fesa ɗaya maikirogiram 100 kacal, ya fara aiki cikin mintuna. Na sha sai ya zaga jini, ya yi jinkiri, ya kawo rawar hannu da bugun zuciya. Abin da ya fi tada mana hankali shi ne ƙwayar prednisolone ko dexamethasone da ake haɗa wa yara a kemis duk sanda tari ya taso. Tana kwantar da ciwon, amma maimaita ta na kumbura fuska, tsauye girma da raunana ƙashi.

Inhela iri biyu ce. Shuɗiya ta buɗe hanyar iska ce lokacin da ciwo ya taso. Ta rigakafi, wadda galibi ruwan ƙasa ce, kamar beclometasone, kullum ake shaƙa ko yaro lafiya lau yake, domin ita ke kwantar da kumburin cikin bututun numfashi. Sai ta yi mako ɗaya zuwa biyu kafin a fara ganin aikinta, nan iyaye da yawa ke jefar da ita su ce ba ta yi. In ɗanki na buƙatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari na tada shi da dare, ki koma wa likita kan ta rigakafi. Bayan shaƙarta ya kuskure baki ya zubar, don kada farin ƙuraje su fito masa a harshe.

Ɗan shekara biyar ba zai iya haɗa fesawa da jan numfashi lokaci ɗaya ba, maganin a harshe yake tsayawa. Sai da mazubi tsakaninsa da inhelar. In ba a samu na kanti ba, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi, an gwada hakan a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu an ga ta yi aiki. A huda gindin gorar da ƙarfe mai zafi daidai girman bakin inhelar, a cusa shi ya zauna daram, a liƙe gefen. A wanke gorar da ruwan sabulun wanke-wanke a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge da tsumma, domin gugar na sa maganin ya manne a jikin robar. A girgiza inhelar, yaro ya kama bakin gorar da leɓe, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi biyar a natse. A dakata rabin minti, a sake girgizawa, a sake. Kada a fesa uku ko huɗu a tare.

In ciwo ya taso, a zaunar da shi, kada a kwantar. Da shuɗiyar inhela, ɗan ƙasa da shekara 6 fesa 2 zuwa 6, wanda ya haura fesa 4 zuwa 10, ana iya maimaitawa duk minti 20 har sau uku. In ya kasa gama magana, ya kasa shan ruwa, tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓensa ya canza launi ko ya yi lakwas, a nufi sashen gaggawa na yara, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko mafi kusa, ana fesa masa a hanya. Gwangwanin fesa 200 ne, kuma ko magani ya ƙare yana ci gaba da huci, don haka ki riƙa lissafi. Kada a bar shi cikin mota a zafin bazara.

A gida, a yi goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma, in za a yi shara a yayyafa ruwa yaro na waje. Gidan sauro ya maye gurbin maganin sauro na kunnawa. A yaƙi kyankyasai, kashinsu na tado asma. Kada a goya shi ana girki da icce.

Idon ƙanena ya koma ruwan ƙasa, kullum yana susa, har kwantsa mai yauƙi ke fita. Digon da muke saya yana kwantar masa, in ya ƙare ya dawo. Daga wani ɗalibi, Arkilla.

Ɗan'uwa, ka duba kwalin digon yau ɗin nan. In ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, ka kai shi likitan ido a auna ƙarfin ruwan idonsa. Watanni ana ɗiga irin wannan na kawo hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye kuma abin da ya ci ba ya dawowa, yana kuma kawo yanar ido. Abin da ka kwatanta alerjin ido ne da ya yawaita a ƙasashe masu zafi da bushewa irin namu, ya fi kama maza ƙanana, yakan lafa bayan balaga. Ba afolo ba ne, ba shawara ba ce. A ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi minti biyar zuwa goma, a wanke fuska in ya dawo daga makaranta. Digon da ba shi da haɗarin nan akwai sodium cromoglicate sau huɗu a rana, ko olopatadine sau biyu, amma sai an jure makonni. A hana shi murzawa, domin tana sirantar da fatar gaban ƙwayar ido ta canza siffa. Ban da tozali, ruwan sukari ko nono.

Jaririyata wata takwas, kumatunta da bayan gwiwa sun bushe suna tsagewa. An ce in hana ta ƙwai da gyaɗa, ni ma in daina shan nono. Daga wata amarya, Gawon Nama.

Amarya, fara duba mutanen gidan. In wasu ma suna susa da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, ƙazuwa ce, maganinta daban kuma gida duka ake yi wa. In ita kaɗai ce, fatarta ce ba ta riƙe ruwa, hunturu kuma ya ƙara. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti biyar zuwa goma, ba soso, ba sabulun magani. A tsane jikin, a shafe ta da bazalin marar ƙamshi ko man kaɗe mai tsabta kafin minti uku, a ƙara sau biyu ko uku a yini. Inda ya yi ja, a shafa man hydrocortisone mai kashi 1 cikin ɗari sau ɗaya ko biyu a rana har mako guda. Abin da ya cika gaɓar ƙarshe ta ɗan alinki ya isa wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. Ki guji man shafawan nan mai magani uku a haɗe, ya fi ƙarfin fatar jariri.

Kada ki hana ta abinci kan zato, tamowa ta fi ƙaiƙayi haɗari. Alerjin abinci na gaske yana nuna kansa cikin mintuna zuwa awa biyu bayan ci: borin jini, kumburin leɓe, amai ko sarƙewar numfashi. In kin ga haka, a daina ba ta wannan abincin kaɗai, a kai ta asibiti nan take, domin in numfashi ya taɓu allurar adrenalin ce maganin, ba Piriton ba.