Tabar wiwi da dokar gwajin 'yan wasan tanis

Malam, ka tambaya ko ƙanenka da ke atisayen tanis a Accra zai iya shiga gasar ITF (hukumar tanis ta duniya) alhali yana shan tabar wiwi a ranakun hutu. Amsar ita ce yana cikin haɗari, domin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun ƙwayoyi a wasanni, ta haramta THC, sinadarin wiwi mai sa maye, a lokacin gasa, kuma ITIA, hukumar tabbatar da gaskiya a wasan tanis, wadda ta karɓi aikin gwajin 'yan tanis a 2022, da jerin haramtattun abubuwa na WADA take aiki. Ba a hukunta ɗan wasa kan THC da aka samu a gwajin da aka yi masa ba a lokacin gasa ba, amma idan sinadarin da ke cikin fitsarinsa na ranar wasa ya haura nanogiram 150 a kowace mililita, ya karya doka. Idan ya tabbatar da cewa kafin gasa ya sha, kuma ba don ƙarin kuzari ba, dakatarwar wata 3 ce, tana iya komawa wata 1 idan ya kammala shirin jinya da aka amince da shi.

Abin da na gani a shekarun da na yi ina raka yara fili shi ne, masu sha kullum su ne lissafi yake ruɗawa, saboda sinadarin yana maƙalewa a kitsen jiki, yana iya ɗaukar makonni bai fita ba. Ƙanenka ya kuma yi hattara da man CBD, wani sinadarin wiwi marar sa maye, wanda WADA ta halatta tun 2018 amma sau da yawa akan same shi gauraye da THC. Ban da haka, shan wiwi har yanzu laifi ne a dokar Gana.