Tambayoyinku: Wese mai yi wa mutum tsarki da kanshi, zai yi aiki a Maraɗi kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni huɗu na ɗauko kuma duk kan abu guda suke, wato wesen nan na zamani mai aiki da wuta, wanda ke fiddo ɗan tsinke ya fesa ruwa ya wanke mutum, ya busar da iska mai ɗumi, wani ma marfinshi na buɗewa da kanshi in ka matso.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina gini a Ali Ɗan Sofo, an kusa sa karo. A wani otel a Dubai na ga irin wesen nan ya burge ni ƙwarai, ina so in sa ma ɗakina da na uwargida. Yaro na da ke zuwa Cana sayen kaya ya ce zai sako mani a kwantena. Wane iri zan ce ya sayo kuma mi zan tanada? Daga wani Alhaji, Maraɗi.

Amsa: Alhaji barka kadai, Allah ya sa a gama lafiya a shiga lafiya. Kun yi dabara da kuka tambaya tun ba a sa karo ba, don rabin aikin a ƙarƙashin karon yake. Amma kafin yaro ya biya ko dala ina so ku fara da ruwan gidan, don shi ne ke kada mutane, ba kuɗin sayen ba.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ba shi da tanki a bayanshi sam, shi ne mai kyan gani ɗin nan da ake sawa a otel, kai tsaye daga tiyo yake jan ruwan da zai kora ƙazanta, saboda haka ƙarfin ruwan pampo shi ne ranshi. Galibi takardarsu na neman bar 1 zuwa 1,5 ko fiye, bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa, kuma lokacin da ruwan ke gudu ake nufi ba lokacin da pampo ke rufe ba. To ga lissafin, duk tsawon mita 10 na ruwa shi ke bada kamar bar 1. Yawancinmu nan tanki muke ɗorawa bisa rufi ko bisa ƙarfe mita 3, mita 4, in an yi ƙoƙari 5, kun ga kenan abin da ke saukowa bai kai rabin bar ba, ga gwiwoyin tiyo suna ƙara rage shi, in ɗakin a bene yake ma abin ya ƙara lalacewa don tankin na dab da kanku. Sai a kafa wese mai tsada a danna ya yi ɗan shuuu ya tsaya, ƙazanta na nan zaune, a koma ɗauko bokiti. Ruwan kamfani kuma kowa ya san halinshi a unguwannin da ke nesa ko kan tudu, da dare ya zo da ƙarfi da rana ya zama ɗigo, watan Afrilu da Mayu kam sai addu'a.

Gwajin da ba ya cin ko sisi, ku sa a buɗe tiyon da zai ba wesen ruwa a tara bokiti mai lita 10. In ya cika cikin daƙiƙa 30 ko kusa da haka, maras tanki zai iya aiki. In ya ɗauki minti guda ko fiye to ku manta da shi, sai dai in za ku sa ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa a ƙarƙashin tankin gidan, shi ma kuma wuta yake ci. A yi gwajin da tsakar rana lokacin da kowa ke ɗibar ruwa, kar a yi da asuba a ruɗi kai.

Iri na biyu yana da tankinshi, wani a fili wani a ɓoye cikin jiki da ɗan injin tura ruwa a ciki, yana tara ruwa a hankali ya kora da ƙarfinshi. Ni shi nake ba ku shawara ku ce a sayo. Kuma yaro ya tambaya da bakinshi, in an ɗauke wuta yaya ake korawa? Wasu na da maɓalli na hannu, wasu na da gurbin batir a gefe, wasu ba su da komi. Wanda ba shi da komi kar ya shigo kwantenarku ko kyauta ne. Wutarmu ta nan an daɗe daga Najeriya ake jawo ta ta layin Katsina, kuma duk mun ga yadda aka sha a 2023 da aka yanke, ko ba wannan ba lokacin zafi ɗaukewa ba labari ba ne.

Batun wutar kanta. Nijar 220 muke amfani da ita, na Cana da na Turai sun dace da mu, sai dai kan fulogin Cana daban yake a canza shi. Amma in wani ya ce zai aiko maku daga Amurka, nasu 120 ne, na cikin Japan kuma 100, kuna sokawa a bango ya tafi kenan. Japan ɗin su ne suka yaɗa abin, kamfanin TOTO ya fiddo marfi mai fesawa da suke kira Washlet tun 1980, sunan na da kyau amma ku duba lambar wutar da ke jikin kwalin ba sunan ba. Masu ɗumama ruwa nan take suna jan wat 1200 zuwa 1600 a lokacin da suke aiki, kamar amfiya 6 zuwa 7 kenan, in kwantarku ƙarama ce ga kilim ga firigo to za ta riƙa faɗuwa, in kuma a sola kuke ku gaya ma mai haɗa maku tun yanzu. A ja mashi layinshi daga tablo, da wayar ƙasa ta gaske wadda aka kafa ma ƙarfe a ƙasa, da disjonktar mai yankewa in wuta ta zurara ta kai miliamfiya 30, wannan ba wurin rowa ba ne don mutum ne zaune ƙafa a jiƙe ba takalmi. Piriz ɗin mai marfi, a ɗaga shi daga ƙasa, a gefen da ruwan wanka ba ya kaiwa. Ku ƙara da regilater saboda hawa da saukar wuta, allon lantarkin da ke cikin wesen shi ke fara ƙonewa kuma samun wani a garin nan ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka yaro ya haɗo da filta biyu uku, da telekomand na biyu, da tsinken fesawa in suna sayarwa daban.

Wani abu da masu sayarwa ba su faɗi, makewayinmu jiƙaƙƙe ne. Wuri guda ake wanka da bokiti, a yi alwala, a watsa ruwa a wanke ƙasa har bango. Su waɗannan na'urori yawanci IPX4 aka rubuta masu, fantsama kawai suke jurewa, ba a kwara masu bokiti. Tunda gini bai ƙare ba ku sa magini ya raba wurin wanka da na wese ko da ɗan gajeren bango ne ko gilas, a karkata ƙasan ruwa ya gudu nesa da shi, kuma a gaya ma duk mai wanke ɗakin da tsumma ake goge shi, ba jabel a kan roba da tsinken.

Sai awo, nan ne ake kuka bayan kaya sun iso. In ramin fitar ƙazanta a ƙasa yake, a auna daga tsakiyar ramin zuwa bango, bangon da aka gama sa ma karo ba bulo tsirara ba. Na Cana galibi milimita 305 ne ko 400. In ta bango yake fita, tsakiyar ramin kan zama kamar milimita 180 daga ƙasa. Ku zaɓi wesen tukuna, a turo maku takardar awonshi ta WhatsApp, sannan mai aikin pampo ya kafa tiyo daidai da ita, tiyo mai faɗin milimita 100 ko 110 da gangara mai kyau. Kuma kar ya dasa gindin da siminti yadda aka saba, da silikon ake kama shi, don ranar gyara a ɗaga ba sai an fasa ba. Kafin a haɗa a saki ruwa ya gudu ya fidda yashi da guntun gam da ke cikin sabon tiyo, a sa filta a mashiga, musamman in ruwan foraj ne, ƙofofin tsinken ƙanana ne ƙwayar yashi kaɗan ta toshe su.

Kujera mai ɗumi da ake ƙara ma kuɗi saboda ita, in ban da sanyin Disamba da Janairu ban ga ranarta ba a Maraɗi. Damuwarmu akasin haka ce, baƙin tanki bisa rufi cikin rana mai digiri 40 da wani abu, ruwan na saukowa da zafi, na'urar kuma ɗumamawa ta iya ba ta iya sanyayawa ba, da yawansu ma an rubuta kar ruwan shiga ya wuce digiri 35. A yi ma tanki rumfa, a binne tiyo ko a naɗe shi.

Tambaya: Mahaifiyata ta tsufa, gwiwa ta hana ta tsugunno kuma hannunta na hagu ya yi rauni tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke taimaka mata da buta kuma na ga tana jin nauyin abin. Wannan wese zai taimake ta? Daga wata baiwar Allah, unguwar Zariya.

Amsa: Hajiya Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka maki da alheri. Gaskiya a duk masu tambayar nan ke ce kika fi kowa buƙatarshi, don wurin irin su Inna ne kuɗin ke biyan kanshi, ta shiga ta fito ba wanda ya ga tsiraicinta. Ba sai kin sayi babban ba. Wese na zama na yau da kullum mai tanki, a cire marfinshi a sa marfi mai fesawa, ya wadatar. Ki nemi mai telekomand da ake maƙalawa a bango, a sa shi ta damanta inda hannunta mai lafiya ke kaiwa, don masu maɓalli a jikin kujera sai an murɗa jiki an leƙa. Maɓalli biyu kawai za ki koya mata, na wanki da na tsayawa, ki sa masu alama da jan fenti ko ɗan salatif, sauran ki saita da kanki. Akwai wankin gaba na mata daban da na baya, ki nuna mata bambancin. Ƙarfin ruwan ki bar shi a na ƙasa, ɗumin ma haka, balle in tana da ciwon suga ko ɓarin da ba ta ji sosai, ruwa zai iya ƙona ta ba ta sani ba. A kafa mata ƙarfen riƙo a bango mai ƙwari wanda aka ɗaure da kusoshi cikin bulo, ba sandar rataya tawul ba, karon ƙasa kuma maras santsi. Ranakun farko ki tsaya bakin ƙofa, tsofaffi kan firgita da feshin farko. Butar ma kar ki ɗauke ta daga ɗakin saboda ranar da ba wuta.

Tambaya: Tsarki da wannan abu ya inganta kuwa tunda hannu bai taɓa ba? Kuma ina zai fuskanta?

Amsa: Ɗan'uwa ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukuncin ka kai ma malaminku. Abin da zan iya gaya maka ta fannin na'urar, ruwan da take fesawa daga tiyo yake zuwa, ba na cikin kwanon ba ne, tsinken kuma na wanke kanshi kafin da bayan aiki. Ba abin da ya hana ka sa hannun hagu ka tabbatar kamar yadda ka saba, iskar busarwa kuma ba ta maye gurbin wanki. Kar ka ƙure ƙarfin feshin don kar ya fantsamo ma tufafi. Fuskanta kuwa, alƙiblarmu gabas take ta ɗan karkata arewa, masu gini da yawa kan kafa shi ya kalli kudu ko arewa don hankali ya kwanta, kuma wannan tun wurin sa tiyo ake yanke shi.

Tambaya: Gidan haya nake a Sabon Gari, masai na tsugunno ne bisa rami. Zan iya ɗora irin wannan a kai?

Amsa: A'a ƙanena, kar ka soma. Wese mai kora ruwa na zuba lita 4 zuwa 6 duk dannawa, ramin gargajiya ba a yi shi don wannan ruwa ba, zai cika da wuri, kuma ƙasarmu mai yashi ce gefen ramin na iya zubewa da damina. Sai da fos, wato ramin tara ƙazanta ginanne mai ɗakuna, da ramin tsotsewa, nesa da rijiya kamar mita 30, wannan kuma aikin mai gida ne ba na ɗan haya ba. In ƙarfin pampon gidan ba laifi, ka sa a jawo maka tiyo a sa dushet, ɗan abin fesawa na hannu, da ban ɗinshi na rufewa a bango, ka riƙa rufewa bayan ka gama don tiyon robar na fashewa in ruwa ya zo da ƙarfi cikin dare. Ba wuta ba filta mai tsada, ranar tashi ka kwance abinka ka sa a jaka. Ka dai gaya ma mai gidan kafin a huda mashi bango.