Shinge a Lakros: Me Ya Sa Alƙali Ke Hura Maka Usur?

Ɗan'uwa, ka ce a lakros, wasan ƙwallo da ake yi da sanda mai 'yar raga a kai, duk lokacin da ka tsaya ka tare wa abokin wasanka mai tsaronsa, wato ka yi shinge, abin da Amurkawa ke kira fik, ko dai alƙalin wasa ya hura usur, ko kuma mai tsaron ya zame ya ci gaba da bin sa. Matsala biyu ce, kuma ta biyun galibi ba laifinka ba ne.

Ta usur ɗin mai sauƙi ce. Doka ta ce sai ka tsaya cak kafin jikin mai tsaro ya taɓa naka. Ƙafafu kada su wuce faɗin kafaɗa, sanda a tsaye manne da ƙirji, ba a miƙa gwiwar hannu, ba a turo ƙugu. Abin da ke kayar da yawancin 'yan wasa shi ne ɗan matsawar nan ta ƙarshe: ka ga mai tsaro zai kauce maka, sai ka jingina ka bi shi. Nan take a karɓe ƙwallo a ba abokan hamayya. Idan ya kauce, ƙyale shi. Masu kallon lakros ɗin cikin ɗaki na Kanada suna ganin ana ture-ture ba a hukunta ba, su ɗauka haka yake a lakros ɗin fili. Ba haka ba ne.

Ita kuwa zamewar mai tsaro, aikin mai riƙe da ƙwallo ne. Kai ginshiƙi ne, shi zai kawo mutuminsa ya buga a jikinka. Dole ya yi haƙuri har ka kafu, don idan ya tashi da wuri kana cikin tafiya za a yi karon, kuma kai za a hukunta. Ya fara yin kamar zai bi ɗaya gefen, taku ɗaya ko biyu, don mai tsaro ya karkata, sannan ya juyo ya wuce kafaɗarsa na gogar taka, sandarsa a hannun waje. In ya bar tazarar da mutum zai iya kurɗawa, aikin banza aka yi. Kai kuma ka lura da inda bayanka ke kallo, domin can abokinka zai fita. Bayanka ya kalli fili mai kaiwa raga, ba layin gefe ba.

Ni a ganina amfanin shinge ba karon ba ne, tilasta wa masu tsaro biyu yanke shawara cikin daƙiƙa ɗaya ne. In suka yi musanya, wato kowa ya koma bin mutumin ɗayan, ka juya fuskarka na bin ƙwallo, sanda a sama kusa da kunne, ka nufi raga, wanda ka tare yana bayanka. In mai tsaronka ya leƙo tun da wuri don ya tarbi mai ƙwallo, kada ma ka tsaya, zame ka shige kafin a yi karo. Wannan zamewar ta fi cin ƙwallo a kan masu tsaron da suka cika zumuɗi. In mai tsaron abokinka ya bi ta bayanka, abokinka ya sami sararin hannu, ya harba ko ya miƙa. In duka biyun suka taru a kansa, ya ja da baya taku biyu ya jefo maka, ba kowa a kanka.

Sai zaɓen wanda zai yi shingen. A wasan maza, doguwar sanda tana kai inci 52 zuwa 72, gajera 40 zuwa 42, kuma dogaye huɗu kawai aka yarda ƙungiya ta sa a fili ban da ta mai tsaron raga. Don haka a tsaron mutum shida, biyu gajeru ne ke hannunsu. Sai ɗan tsakiya wanda mai gajeriyar sanda ke bi ya gangara bayan raga, inda akwai yadi 15 zuwa layin ƙarshe, ya tare wa gwanin ɗan gaba. Da sun yi musanya, gwaninku ya samu mai gajeriyar sanda a gabansa, abin nema ya samu. A can dai a kula da da'irar raga: ɗan gaba ya taka ta, an karɓe ƙwallo.

Sauran huɗun kuma su ja masu tsaronsu zuwa ɗaya gefen. In mutum na uku ya tsaya kusa yana kallo, mai tsaronsa ne zai rufe ku. A atisaye ku yi biyu da biyu a gefe da bayan raga, hannun dama da na hagu, masu tsaro suna sauya salo ba tare da sun faɗa muku ba.