Amsar tambayarka kan sayen hatsin ajiya

Ka tambaye ni, yaro, ko za ka iya miƙa wa dillalin ƙauye kuɗinka tun kafin kaka ya tara maka masara, tunda hatsi kullum tashi yake yi. Ba zan tsaya koya maka cika tiya ko ɗinke buhu ba, domin wanda ya yi wata guda a kasuwar hatsi ta Dawanau bai iya wannan ba gara ya koma dako.

A shekarar 2023, bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu kuɗin mota ya hau, na ba wani dillali a yankin Saminaka kuɗin masara, mutumin da ya daɗe yana cin tuwon gidana duk sanda ya shigo Kano. Ya bi ƙananan manoma waɗanda bashin taki ya sha musu kai, ya saye amfaninsu da araha da kuɗina, da ya ga farashi ya fara tashi sai ya sayar wa masu haɗa abincin kaji busasshiyar, ni kuma ya loda mini wadda ba ta bushe ba, an yi mata algus da yashi da dusa, an zuba mai kyau a bakin buhu. Kafin bazara ta yi fumfuna a sito. Da na neme shi sai ya zo da dattawan garinsu suna cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Har yau yana gaishe ni a kasuwa ba kunya, kuma ban yafe ba.

Manoman nan ma ba su tsira da komai ba. Da daminar 2024 ta kama, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, sai suka dawo suna sayen tiya-tiya abin da suka sayar buhu-buhu, wasu suka sayar da awakin matansu, wasu suka bar gonakinsu suka tafi ƙwadago.

Ku yaran yanzu kuna duba farashi a waya kuna lissafin riba daga zaune. Hatsi yana faɗuwa ma, kamar yadda ya faɗi a 2025 masu ajiya suka tafka asara. In za ka saya, ka je ƙauyen da ƙafarka, a zazzage kowane buhu a gabanka, ka tauna ƙwayar ka ji ta bushe, sannan ka biya manomin hannu da hannu.